Gaskiya ko Jita-jita: Cocin Presbyterian na Najeriya da labaran da muka gada a kansa

Wanda ya saba ratsa Sabon Garin Kano ko wasu unguwannin Kaduna da Jos, mai yiwuwa ya taɓa ganin allon wani coci mai hoton ƙaramin itace yana ci da wuta, da sunan Presbyterian a jikinsa. Yawancinmu, Musulmi da Kirista, mukan wuce ne da amsar da muka riga muka tanada: cocin mutanen Kudu ne, Turawa suka kawo shi. Amsar ba ƙarya ce tsagwaronta ba, amma ta yi gajarta ƙwarai ga abin da ya soma tun 1846, lokacin da Sarkin Musulmi Aliyu Babba yake kan gadon Sakkwato.

Kurakuran da ke yawo a kan wannan coci ba ƙiyayya ce ta haifi yawancinsu ba. Nisa ne, da littattafan firamare masu dunƙule tarihin shekara ɗari cikin jimla guda don ɗalibi ya haddace. Abin da ya fi damun mu shi ne, kusan kowane kuskure a cikinsu yana cire baƙaƙen fata ne daga labarin cocin da su suka gina. Ga kurakuran ɗaya bayan ɗaya.

Turawan mulkin mallaka ne suka kawo shi

Lissafin shekaru bai yarda da haka ba. Ayarin farko, ƙarƙashin Fasto Hope Masterton Waddell, ya isa Kalaba ranar 10 ga Afrilu, 1846, a cikin wani jirgin ruwa mai suna Warree. Birtaniya ba ta ayyana wannan gaɓar teku a ƙarƙashin kariyarta ba sai 1885, kusan shekara arba'in bayan nan. A lokacin da suka sauka, Kalaba garuruwa ne na mutanen Efik masu cin gashin kansu. Sarki Eyamba na Biyar yana riƙe da Duke Town, Sarki Eyo Honesty na Biyu yana riƙe da Creek Town, ƙungiyar Ekpe kuma ita ke kafa doka, ita ke hukunta wanda ya karya ta. Baƙin ba su iya kafa ko da rumfa sai da izini.

Gayyatar ma daga sarakunan ta fito. A ƙarshen 1842 su biyun suka aika wa Turawan Ingila wasiƙu suna neman a turo musu masu koyar da karatu, da waɗanda za su nuna musu noman auduga da kofi da yadda ake sarrafa rake. Cinikin bayi zuwa ƙetare ya durƙushe, na manja ya maye gurbinsa, ga ɗimbin bayi a hannunsu ba kasuwa. Lissafin 'yan kasuwa suka yi. Eyo ya kan tsaya da kansa ya yi tafinta idan ana wa'azi a farfajiyar gidansa, amma har ya rasu a 1858 bai karɓi baftisma ba.

Me ya sa muka fi yarda da ɗaya labarin? Don da abin da muka gani a gida muke auna kowa. A Arewa, 'yan mishan sun samu gindin zama ne a daidai zamanin Lugga da bayansa, sai muka ɗauka ko'ina haka aka yi. Kuma ruwa ba ya tsami banza: daga baya alaƙa ta ƙullu tsakanin mishan da masu bindiga. A Janairun 1855 jirgin yaƙin Birtaniya ya ragargaza Old Town, ɗaya daga garuruwan Kalaba, bisa zargin karya dokar hana kashe mutane a jana'iza, kuma masana tarihi na muhawara har yau kan rawar da ɗan mishan Samuel Edgerley ya taka a ciki. Arochukwu ma sai bayan farmakin sojan Birtaniya na 1901 zuwa 1902 mishan ya shige ta. Duk wannan gaskiya ne, bai kamata a ɓoye shi ba. Sai dai ba shi ne mafarin ba.

Turawa zalla ne suka kafa shi

Tunanin zuwa Kalaba ba a Sikotland, gidan mishan ɗin, aka haife shi ba, a Jamaika ne. Waddell haifaffen Dublin ne, ya kuma yi aiki tun 1829 a tsakanin bayin gonakin rake na wannan tsibiri. Bayan bayin sun samu cikakken 'yanci a 1838, ikilisiyoyinsu suka fara maganar mayar da bishara ƙasar da aka kwaso kakanninsu. A 1841 majalisar fastocin Presbyterian ta Jamaika ta yanke shawarar tura mutane Afirka. Da farko hukumomi a Sikotland sun ja ƙafa, suna tsoron zazzaɓin da ya yi wa ayarin binciken Kogin Kwara ɓarna a wannan shekara.

A cikin jirgin Warree, ban da Waddell da Edgerley maɗabbaci da matarsa, akwai Andrew Chisholm kafinta da Edward Miller, dukansu mutanen Jamaika, da wani yaro mai suna George da aka ceto daga jirgin bayi. Wasu malamai da masu sana'a daga Jamaika sun biyo baya. Ya dace mu tsaya mu yi tunanin wannan: jikokin waɗanda aka sayar suka dawo tashar da ta yi suna wajen sayar da mutane, da alli da zarto a hannunsu.

Daga nan kuma mutanen ƙasa suka karɓa. Shekara bakwai aka yi ana wa'azi kafin a yi wa mutum na farko baftisma, wato Esien Esien Ukpabio, a Creek Town, a Oktoban 1853. Shi ne kuma ɗan ƙasa na farko da aka naɗa fasto a cocin, a 1872. Kwalejin horar da fastoci da ke Itu sunansa take ɗauke da shi a yau. Sunayen irinsu sun ɓace daga bakin jama'a ne saboda rahotannin mishan don masu ba da gudummawa a Turai ake rubuta su, su kuwa labarin ɗan garinsu suke son ji.

Mary Slessor ce ta kafa cocin, ita kaɗai ta hana kashe tagwaye

Wannan shi ne wanda duk muka haddace a aji, kuma shi ya fi wuyar gyarawa, don matar ta cancanci yabo. An haife ta a 1848, wato cocin ya girme ta da shekara biyu. Ma'aikaciyar masaƙa ce a Dundee, ta iso Kalaba a 1876, bayan an shafe shekara talatin ana aiki. Ba fasto ba ce, malama ce mai wa'azi.

Yaƙi da kashe-kashen al'ada ya riga ta nisa. Da Sarki Eyamba ya rasu a 1847, an kashe mutane masu yawa don su raka shi. Fasto William Anderson ya haɗa kai da shugabannin jiragen 'yan kasuwa suka matsa lamba, Sarki Eyo ya mara musu baya, har ƙungiyar Ekpe ta kafa dokar hana wannan kisa a Fabrairun 1850. Akwai kuma wani ɓangare da littattafan makaranta ba su cika ambata ba. Bayin da ke gonakin bayan Duke Town, waɗanda su ake yankawa idan babba ya mutu, sun yi rantsuwar jini a tsakaninsu cewa ba za su ƙara yarda ba, suka kuma shigo gari da makamai don a tabbatar da dokar. Tsoronsu ya yi aikin da wa'azi kaɗai ba zai yi ba. Maganar tagwaye ma haka: tun shekarun 1850 gidajen mishan ke ba tagwaye da iyayensu mata mafaka, kuma yarjejeniyar da aka ƙulla da sarakunan Duke Town a 1878 ta haramta kashe su, lokacin Slessor ba ta wuce shekara biyu da zuwa ba.

To mene ne nata? Ita ce ta kai aikin inda doka ba ta isa ba. A 1888 ta tare a Okoyong, ƙasar da 'yan kasuwar Kalaba kansu ke shakkar shiga. Ta ji harshen Efik kamar 'yar gari, ta zauna a ɗakin ƙasa, ta ci abin da ake ci, ta ɗauki jariran da aka jefar ta rene su a matsayin 'ya'yanta. Ko a can ba ita kaɗai ba ce: wata mace mai faɗa a ji, Ma Eme, 'yar'uwar sarkin Ekenge, ita ke tsegunta mata abin da ake shiryawa kafin a zubar da jini. Daga 1892 gwamnatin Birtaniya ta ba Slessor ikon shari'a a kotun yankin. Ta rasu ranar 13 ga Janairu, 1915, aka binne ta a Kalaba.

Jim kaɗan bayan rasuwarta aka buga tarihin rayuwarta, littafin ya karɓu ƙwarai a Birtaniya. Daga baya hotonta ya hau takardar fam goma ta wani banki na Sikotland, mutum-mutuminta riƙe da tagwaye kuma yana tsaye a Kalaba. Suna ɗaya ya fi sauƙin tambaya a jarrabawa fiye da sarki da fasto da bayi masu rantsuwa da wata Ma Eme. Illar wannan taƙaitawa ita ce tana koya wa yaro cewa al'umma guda ta zauna tana kashe 'ya'yanta ba mai cewa uffan har sai da baƙuwa ta zo, alhali a cikin al'ummar akwai waɗanda suka sa wuyansu.

Kafin zuwan mishan, mutanen Kalaba ba su san rubutu ba

Mu Hausawa ya kamata mu fi kowa saurin gane wannan kuskure, don mun san zafin a kira mai ajami jahili. Sarakunan da suka rubuta wasiƙar gayyata ai da rubutu suka yi ta. Wani attajirin Efik, Antera Duke, ya bar littafin da yake rubuta al'amuran yau da kullum daga 1785 zuwa 1788, cikin Turancin kasuwa, kuma har yau masana tarihi na dogara da shi. A wancan zamani manyan gidaje kan tura 'ya'yansu Ingila koyon lissafi da rubutu. Akwai kuma alamomin nsibidi da 'yan Ekpe ke amfani da su.

Abin da mishan ya kawo sabo shi ne rubuta harshen Efik kansa da buga shi, da buɗe makaranta ga 'ya'ya da bayi, maza da mata. Edgerley ya zo da injin ɗab'i a cikin jirgin farko. Hugh Goldie ya fassara Sabon Alkawari, aka buga a 1862, ya kuma tsara ƙamus. Alexander Robb ya kammala Tsohon Alkawari, ya zama a 1868 akwai cikakken Littafi Mai Tsarki da Efik. Shi ne na farko a harsunan Najeriya; na Hausa sai 1932 ya fito.

Cocin 'yan Biyafara ne, tsohon sunansa ma ya nuna

Gaskiya ne a tsofaffin takardu za a ga wannan suna. Majalisar farko da aka kafa a 1858 ana kiranta majalisar Biyafara, haka babbar majalisar da ta biyo baya a 1921, kuma a 1945 cocin ya ɗauki sunan Cocin Presbyterian na Biyafara. Amma sunan teku ne. Taswirorin Turawa sun daɗe suna kiran wannan lungu na Tekun Atlantika da Biyafara, har sai da gwamnatin Najeriya ta sauya masa suna zuwa Bonny a 1975. Cocin ya bar sunan tun 1952, ya koma na Gabashin Najeriya, sannan a 1960 ya zama Cocin Presbyterian na Najeriya. Jamhuriyar da Ojukwu ya ayyana a 1967 daga wannan teku ta aro sunanta, shekara goma sha biyar bayan cocin ya ajiye shi.

Yaƙin basasa kuwa tsakiyar cocin ya ratsa. Sojan tarayya sun karɓe Kalaba a Oktoban 1967, aka wayi gari mahaifar cocin tana gefe ɗaya, ikilisiyoyin ƙasar Ibo suna ɗaya gefen. Fitaccen dattijonsa, Dakta Akanu Ibiam, ya tsaya tare da Biyafara a fili, ya mayar wa Birtaniya lambar girmamawar da ta ba shi don nuna fushinsa kan goyon bayan da take ba gwamnatin tarayya. Wannan ya taimaka wajen manna wa cocin sunan. Amma matsayin mutum ɗaya, komai girmansa, bai zama na dubban 'yan Efik da Ibibio da suka yi yaƙin a ƙarƙashin tutar tarayya ba.

Cocin Ibo ne kawai

A Arewa mun saba kiran duk wanda ya fito daga tsohuwar Jihar Gabas da suna ɗaya, shi ya sa. Asalin cocin Efik ne, kuma ya yi shekaru da dama bai yi nisa da Kalaba ba, don 'yan kasuwar Efik ba sa son kowa ya hau Kogin Kuros ya san hanyar masu kawo musu manja. Sai a 1888 aka buɗe tasha a Unwana, ta farko a ƙasar Ibo. Bayan 1900 aikin ya bazu zuwa Itu a ƙasar Ibibio, da Arochukwu, Ohafia, Abiriba da Uburu, da garuruwan da ke can saman kogin. Yau ƙarfinsa yana jihohin Kuros Riba, Akwa Ibom, Abiya da Ebonyi, babban ofishinsa kuma yana Aba.

Dalilin da ya sa ya tsaya a wannan yanki ba ƙabilanci ba ne, yarjejeniya ce. A tarukan da aka yi a Kalaba a 1909 da 1911, ƙungiyoyin mishan na Furotesta suka raba ƙasa a tsakaninsu don kada su yi ta karo: Angilika nan, Metodis can, mishan na Qua Iboe a nasa gefen, Presbyterian a bakin Kogin Kuros. Irin wannan rabo aka yi a Arewa, shi ya sa ECWA da COCIN da EYN da NKST kowanne yake da yankin da ya fi ƙarfi. Garin da aka haifi mutum shi ke zaɓa masa ɗarika. Ikilisiyoyin Presbyterian na Legas da Arewa ma'aikatan gwamnati da na jirgin ƙasa da 'yan kasuwa ne suka kafa su inda neman abinci ya kai su, ba wani ayari aka turo daga Turai ba.

An ma taɓa yunƙurin rushe waɗannan iyakoki. Angilika da Metodis da Presbyterian sun shirya haɗewa su zama coci ɗaya a Disambar 1965, sai ƙararrakin da wasu 'yan Metodis suka kai kotu suka tsayar da bikin ana dab da yi. Wata guda bayan nan soja suka yi juyin mulki, maganar ba ta sake tashi ba.

Kamar kowane coci, mutum ɗaya ne a sama yake ba da umarni

Sunan kansa ya musanta haka. Daga wata kalmar Girkanci ya fito mai ma'anar dattijo, tsarin kuma ya samo asali daga koyarwar John Calvin a Geneva da gyaran addinin da John Knox ya jagoranta a Sikotland a 1560. Kowace ikilisiya tana zaɓen dattawa daga cikin membobinta, malamin makaranta ko manomi ko 'yar kasuwa, su zauna da fasto su gudanar da al'amura. Wakilan ikilisiyoyi su haɗu a majalisar gunduma, na gundumomi a majalisar yanki, sannan Babban Taro na ƙasa, wanda aka kafa a 1987. Shugaban taron zaɓensa ake yi na wa'adi, in ya ƙare ya sauka. Ba wanda ya mallaki cocin, ba kuma wanda zai bar wa ɗansa gado.

Ruɗanin yana zuwa ne daga abin da talabijin ke nuna mana: ko dai bishop-bishop, ko manyan cocin zamani da aka san su da sunan wanda ya kafa su. A ƙarƙashin wannan tsari na majalisa ne aka naɗa Mgbeke George Okore fasto a 1982, mace ta farko a cocin.

Makarantu da asibitocinsa tarko ne kawai na jawo mutane

Masu aikin ba su taɓa ɓoye cewa suna fatan mutane su karɓi addininsu ba, kuma duk wanda ya ce ba haka ba ne bai yi musu adalci ba. Amma kalmar tarko ba ta ɗauke nauyin abin da aka yi. Makarantar Hope Waddell da aka buɗe a Kalaba a 1895 ta koyar da kafinta da ɗinki da aikin ɗab'i tare da karatun boko, ɗalibai kuma suka riƙa zuwa daga sassan Afirka ta Yamma. Nnamdi Azikiwe, haifaffen Zungeru wanda ya tashi da Hausa a bakinsa, ya yi ɗan zama a cikinta, bai kuma fito ɗan Presbyterian ba. Eyo Ita da Dennis Osadebay ma can suka yi karatu. Makarantar ta yaye mutanen da suka zo suka ƙalubalanci mulkin Turawa.

Akanu Ibiam ya gama karatun likita a Jami'ar St Andrews a 1934. Da ya so, aikin gwamnati ko asibitin kansa a birni yana jiransa. Ya zaɓi albashin mishan, ya buɗe asibiti a Abiriba a 1936, ya yi aiki a Itu da Uburu, ya zama ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Hope Waddell, kafin a naɗa shi Gwamnan Jihar Gabas a 1960. Filin jirgin saman Inugu sunansa yake amsawa.

Sai kuma Itu. A 1928 Dakta Andrew Macdonald ya kafa mazaunin masu cutar kuturta a can, a zamanin da ba a samu maganin da ke warkar da ita sosai ba, dangi kuma korar mai ita suke yi. Wurin ya girma ya zama gari mai dubban mutane, da gonakin kwakwar manja, da makaranta, da kotu da 'yan doka daga cikin majinyatan kansu. Wanda ya san Yadakunya a Kano, ko Amanawa a Sakkwato, ko Babbar Ruga a Katsina, inda wata ƙungiyar mishan dabam ta yi irin wannan aiki da amincewar sarakuna, ya san yadda yake: a wanke gyambo yau, a wanke gobe, shekara da shekaru, ko majinyacin ya shiga sujada ko bai shiga ba. Yaƙin basasa ya lalata mazaunin Itu, ya tarwatsa mutanen da ke cikinsa.